Ƙaramar Wuƙar Masunci da Maharbi

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau hirar ta masunta ce da maharba, da iyayenmu mata masu gyaran kifi a bakin kasuwa, har da uwargida wadda maigida kan shigo mata da zabon daji da magariba ya ce a yi masa farfesu. Abin da za mu yi magana a kai bai wuce tsawon tafin hannu ba, wato ƙaramar wuƙar da ake gyara kifi da tsuntsu da ita.

Na san wani yana can ya ja tsaki, ya ce koma ta yi tsada, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, kifi ya ja baya, amma an rasa abin da za a kawo mana a rediyo sai wuƙa. A yi mini haƙuri, malam masunci. Wahalar kamu daban, wahalar kai abin da aka kama tukunya ko kasuwa da lafiyarsa daban, kuma a ta biyun nan ake tafka asarar da ba wanda ke lissafa ta. Kifin da ya yi ɗaci, tsuntsun da ya yi wari kafin a isa gida, yatsan da ya kumbura ya hana mutum fita su na mako guda, in ka bi sawunsu sau da yawa a bakin wuƙa za ka tsaya.

Mu ɗauki dausayin Haɗeja da Nguru, inda ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin ya zama Komadugu Yobe. A can mutum ɗaya yana iya duba komarsa da asuba, da yamma kuma ya saɓi bindigarsa ya nufi inda kirinjijiya ke sauka. Me yake kamawa yau da gobe? Karfasa mai faɗin hannu, tarwaɗa, kurungu, kawara, kurciya, makwarwa. Amma dubi abin da ke rataye a ƙugunsa: wata zungureriyar wuƙa da za ta iya feɗe sa. Mu dai idanunmu na kan giwan ruwan Argungu, irin wanda ya zo na ɗaya a bikin kamun kifi na 2020 mai nauyin kilo 78. Irin wannan kifi sai lokacin bikin ake ganinsa a kogin Matan Fada, shi ya sa ake taruwa kallo. Kifin yau da kullum cikinsa bai fi a sa yatsu biyu ba, kuma wuƙar da za ta shiga inda yatsu biyu ke shiga ita ake nema.

To wace iri ce? Ruwanta ya kai santimita 7 zuwa 10, in babu abin awo ka jera yatsunka huɗu, ka ƙara kaɗan. Kada ta yi kauri, milimita 2 ya isa. Ta zama mai tsini, amma tsinin ya ɗan sunkuya ƙasa, kada ya ɗaga sama, don mai ɗagaggen tsini shi ke farke hanji. A Amurka da Turai ma maƙera na ƙera ƙananan wuƙaƙe na musamman don kifin rafi da tsuntsun daji, kuma girmansu kusan wannan ne. Akwai kuma doguwa siririya mai lanƙwasuwa, irin wadda kamfanin Marttiini na garin Rovaniemi a ƙasar Finland ya yi suna da ita. Wuƙa ce mai kyau, sai dai aikinta shi ne zare tsoka daga ƙaya da fata, don su haka suke cin kifinsu. Mu da ke dafa kifi da kansa da ƙayarsa, ko mu naɗe tarwaɗa mu ɗora a banda, ba mu da buƙatarta sosai. In kin gan ta a gwanjo, uwargida, kada tsawonta ya ruɗe ki.

Bari mu ɗauki karfasa mu gyara tare, kamar ga mu a bakin ruwa.

Da farko ɓawo. Kada a kankare shi da kaifin wuƙa, nan da nan za ta dakushe. A juya bayanta, ko a ɗauki cokali, a kankare daga wutsiya zuwa kai. In aka yi a cikin kwano mai ɗan ruwa ɓawon ba zai yi ta tsalle yana manne wa mutum a fuska ba. Sannan a kwantar da kifin, a nemi ɗan ramin da kashi ke fita a ƙasan cikinsa. A nan ake sa tsinin wuƙa, tsinin kawai, kaifin yana kallon sama, a ja zuwa ƙarƙashin haɓa. Kun ji na ce kaifin yana kallon sama. Wannan shi ne sirrin aikin duka. In kaifin na kallon sama, fatar ciki kaɗai yake tsagawa, kayan ciki na kwance a ƙasa ba abin da ya taɓa su. In ya kalli ƙasa kuwa, sai ya bi ta kan hanji da hanta, ya fasa maɗaciya.

Maɗaciyar nan 'yar jaka ce koriya manne da hanta. In ta fashe ruwanta ya malala a kan tsoka, ɗacin ba ya jin wanki sosai, ba ya jin yaji, ba ya jin daddawa. Mai tuwo-tuwo ta san haka, shi ya sa takan leƙa cikin kifi kafin ta biya, in ta ga tabon kore ko rawaya ta ajiye ta ɗauki wani. In tsautsayi ya sa ta fashe, a yi maza a ɗauraye kafin ya shiga jiki, a yanke wurin da ya rine.

Bayan an zaro kayan ciki da yatsa, saura abu biyu da mutane ke mantawa. Na ɗaya, jajayen nan da ke ƙarƙashin murfin kunnen kifi, waɗanda yake numfashi da su. A yanke su sama da ƙasa a cire, don ruɓa na saurin kama su. Na biyu, in ka buɗe cikin za ka ga wani baƙin jini a kwance tsawon ƙashin baya, an rufe shi da siririyar fata. Ƙodar kifin ce. A tsaga fatar da tsini, a goge da babban yatsa, a wanke da ruwa mai tsabta. Yawancin ƙarnin da ake kuka da shi daga wuraren nan biyu yake fitowa.

Me ya sa ake gaggawa? Saboda cikin kifi cike yake da ƙwayoyin cuta da ruwan narkar da abinci, kuma da ya mutu sai su koma kan naman kifin kansa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Nguru ko Gashuwa, awoyi kaɗan sun isa cikin kifi ya yi laushi ya fashe. Na yarda, wanda zai sayar da ɗanye a bakin ruwa nan take ba ya farkewa, don mai saye na son ya ga kifinsa cikakke, ya ɗaga murfin kunne ya duba ja. Ƙananan kifi da ake shanyawa su ma ba a bin su ɗaya-ɗaya. Amma duk kifin da zai yi nisa ba ƙanƙara, ko wanda za a kai banda, gara a fitar masa da ciki tun yana da sauran sanyin ruwa a jikinsa. Kifin da aka gyara da wuri ya sha hayaƙi da kyau ba ya saurin tara ƙuda da tsutsa, kuma wanda kifinsa bai yi tsutsa ba shaiɗan ba ya raya masa ya fesa fiya-fiya a abin da mutane za su ci.

Tarwaɗa ita ba ta da ɓawo, yauƙi ne matsalarta. A goge ta da gishiri ko toka ko lemun tsami kafin wuƙa ta matso, in ba haka ba hannu na santsi, kifi na santsi, ƙota na santsi, sai Allah ya kiyaye. Kanta kuwa ƙashi ne mai tauri, ba na ƙaramar wuƙa ba ne. A yanka naman da ke bayan kai a kewaye, a karya da hannu, ko a kawo adda. Haka ƙayoyin kurungu, waɗanda ke miƙewa su kafe, ga su da haƙora kamar zarto. A sa filaya a karye su tun farko. Duk wanda ya ce zai sare su da siririyar wuƙa, zai tashi da giɓi a kaifinta, ko da ƙaya a tafin hannunsa.

Masu samun giwan ruwa, ga wani abu. A cikinsa akwai farar jakar iska manne da baya. A ƙasashen da ke kewaye da tafkin Victoria, wato Uganda da Kenya da Tanzaniya, ana busar da ita a sayar wa 'yan kasuwar China, har kuɗinta kan fi na naman kifin in aka auna kilo da kilo. Wadda wuƙa ta yayyaga darajarta na faɗuwa. Sannan talibambam, mai kumbura ciki: akwai dafi a jikinsa wanda wuta ba ta kashewa, kuma ba na ba kowa shawarar ya dogara da gwanintar wuƙarsa a kansa.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na faɗakarwa, muna magana a kan wuƙar gyaran kifi da tsuntsu. Yanzu kuma sai mu hau tudu wajen maharba.

Shi tsuntsu ba kamar kifi ba ne, akwai maganar yanka. Malamanmu sun karantar da mu cewa abin da ka harba in ka riske shi da ransa, sai ka yanka shi, kuma a kaifafa wuƙa don a hutar da dabba. To ka ga maharbin da wuƙarsa ke can ƙasan jaka ƙarƙashin goro da albarushi, ko wanda tasa ta dakushe sai ya yi ta gurzawa a wuyan kurciya, ya shiga matsala tun kafin a zo maganar tukunya. Wuƙar yanka a kusa da hannu take zama, a wase take tun daga gida.

Bayan yanka, babban kuskuren da na fi gani shi ne a cusa tsuntsu da ɗuminsa a leda a ƙulle. Jikin tsuntsu ya fi na mutum zafi, ga gashi ya rufe shi, ga hanji a ciki wanda wataƙila harbi ya fasa. In ka daɗe a daji, kafin ka dawo cikinsa ya yi kore. A fige gashin da ke ƙasan ciki, a yi 'yar tsaga daga ƙarshen ƙashin ƙirji zuwa mafitar kashi, a kewaye mafitar da tsini kada a yanka ta, a sa yatsu biyu a zaro komai a dunƙule. Nan ma kaifi sama. Sai a rataye shi a inuwa ya sha iska, a sa shi a buhu ko jakar saƙa mai shan iska.

Hanta da zuciya da ƙundu ba a yar da su, kowa ya san rabon yara ne a gidaje da yawa. A ɗauke maɗaciya daga jikin hanta da ɗan naman da ke kewaye da ita. Ƙundu kuma a tsaga shi a hankali ta gefe har a ga rawayar fatar ciki, a buɗe, a ɓare ta tare da tsakuwar da ke ciki. A gindin wuya akwai jakar da tsuntsu ke tara hatsin da ya ci, a janye ta kada ta fashe. Agwagin ruwa irin su kirinjijiya da dinya suna da wani ɗan kumburin mai a saman gindin wutsiya, wanda suke shafe gashinsu da shi. A yanke shi, yana ƙara wa miya ƙarni. Wajen rarrabawa kuwa, wuƙa gaɓa take bi. Ka lanƙwasa ƙafa ko fiffike, ka ga inda ya buɗe, ka sa kaifi a nan, zai rabu ba gardama. Sara ƙashin tsuntsu na barin tsinke-tsinke masu kaifi a cikin romo, kuma yara ne ke shan romon.

Akwai aikin da babbar wuƙa ba za ta taɓa iya yi ba, shi ne bin ramin harbi. Kowane ɗan rami ka gani a jikin tsuntsu, ka bi shi da tsini. Za ka tarar da gashin da harsashi ya tura ciki, da daskararren jini, da ita kanta ƙwayar harsashin. Masu bindigar gargajiya kan ɗura guntayen ƙarfe, wannan haƙori yake fasawa. Ƙwayoyin harsashin kanti kuwa yawanci dalma ce, kuma mu a ƙasar nan ba sai an ba mu labarin dalma ba, tun abin da ya faru a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Wancan daga ƙurar dutsen zinariya ne, kuma ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro da ɗan da ke ciki ta fi cutarwa. A cire ƙwayar, a yanke naman da ya ɓaci a kewayenta a zubar.

Sai murar tsuntsaye. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a Najeriya, a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, kuma a farkon 2007 aka tabbatar ta kashe wata mata a Legas. Tsuntsayen ruwa masu ƙaura na cikin masu ɗauke da ita, kuma dubbansu ke sauka a dausayin nan namu da hunturu daga Turai da Asiya. Tsuntsun da ka tsinta a mace, ko wanda ka ga yana layi ya kasa tashi, ba naka ba ne, ka bar shi. Wanda ka harba lafiyayye kuma kada a gyara shi a tsakar gida kaji na tsattsagar hanjinsa. A binne gashi da kayan ciki, a wanke wuƙa da hannu da sabulu, a dafa nama ya nuna sosai. Wuƙar nan kada ta wuce kai tsaye kan albasa da tumatirin da za a ci ɗanye. Ba sai na tuna wa maharba ba cewa Dagona wurin ajiyar tsuntsaye ne na gwamnati, ba a farauta a ciki, kuma da damina zabi da makwarwa na kan ƙwai.

To ina za a samo wuƙar kirki? Ni dai ina tare da maƙeranmu, in aka dace da na gari. Ka tambaye shi da wane ƙarfe zai yi maka. Sifirin mota, ko tsohon magagari, ko ruwan zarto, waɗannan suna riƙe kaifi. Rodin gini kuwa laushi gare shi, yau ka wasa gobe ya kwanta. Ka tsaya ka ga aikin in da hali. Zai zuga gawayin ƙirya har ƙarfen ya yi ja, ya tsoma shi a mai ko ruwa ya yi tauri, sannan ya sake ɗumama shi kaɗan har ya ɗauki launin busasshiyar ciyawa. Wannan ɗumamawa ta biyu ita ke hana wuƙa karyewa, kuma ita ce mai gaggawa kan tsallake. Ka goga magagari a bakinta: in ya zame yana ƙara, ta yi tauri, in ya ci ƙarfen cikin sauƙi, ba ta yi ba. Wutsiyar ƙarfen ta shiga ƙota da nisa, a kafe ta da ƙusa. Ƙotar marke ko ƙirya ta fi, kuma kada a goge ta ta yi sulɓi.

Aibin wannan ƙarfe ɗaya ne, tsatsa. Wuƙar kanti mai ƙyalli ba ta tsatsa don an haɗa ƙarfenta da sinadarin kuromiyam, kashi 10.5 cikin ɗari ko fiye, kuma ga wanda ke wuni a cikin ruwa wannan ba ƙaramin amfani ba ne, sai dai masu arhar cikinsu ba sa jimawa da kaifi. Mai naɗewa, irin Okapi da iyayenmu suka sani, tana da daɗin sawa a aljihu, amma jini da yauƙi na taruwa a maƙogwaronta inda wanki ba ya kaiwa, kuma wadda ba ta da makulli tana iya rufewa a kan yatsu. Robar tayar keke da ake naɗa wa ƙota ita ma tana hana santsi, amma ku warware ta wata rana ku shinshina abin da ke ƙasa.

Washi kuma, a guji injin nan mai tartsatsi. In ka ga bakin wuƙa ya yi shuɗi, wuta ta cinye taurin da maƙeri ya ba ta. Dutsen washi da ruwa sun isa. Ka kwantar da ita, ka ɗaga bayanta kamar kaurin tsinken ashana biyu ko uku, ka riƙa turawa a haka ba tare da ka canza ba, har ka ji ɗan kaushi ya fito a ɗaya gefen, sannan ka juya. A ƙarshe ka goga ta a fata kamar yadda wanzami ke yi wa askarsa. In ba dutse, gindin kofin tangaran inda ba shi da santsi yana yi. A gwada a jikin tumatir, ba a jikin yatsa ba. Kuma dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi yanka mai ita, don sai ka danna da ƙarfi, in ta kuɓuce da ƙarfin nan za ta same ka.

In an gama aiki a wanke, a goge ta bushe, a shafa ɗigon man gyaɗa ko man kaɗanya. Baƙin mai ba na abin da zai taɓa abinci ba ne. A kai wa baduku ya ɗinka mata kube daidai ita, amma kada a mayar da ita ciki da jini ko danshi, don cikin kube ba ya wankuwa. Mai shiga jirgi ya ɗaura mata igiya da ɗan guntun gora, in ta faɗa ruwa ta taso, kuma ta zama inda hannu ɗaya zai kai gare ta, saboda ranar da koma ta naɗe ƙafa ko ƙugiya ta kama hannu igiya na ja. In an shigo gari kuwa, a cikin jakar kayan aiki take zama, ba a ƙugu ba.

In an yanke, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a danne da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya. Ban da ƙasa, ban da toka, ban da man birki. Cutar tetanus mai sarƙe haƙora ba tsatsa ke kawo ta ba kamar yadda ake faɗa, ƙwayarta a ƙasa da kashin dabbobi take, don haka mai barbaɗa ƙasa a rauni da hannunsa yake kai ta ciki. In raunin ya yi zurfi, ko ƙayar kurungu ce ta shiga, ko bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya kumbura ya yi ja yana zogi, a tafi asibiti mafi kusa, a faɗa wa ma'aikacin lafiya cewa wajen gyaran kifi ko tsuntsu aka samu, a kuma tambaye shi allurar tetanus.

Lokaci ya yi mana halinsa, jama'a. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)